Huda bonet don rage zafin inji a mota mai turbo

Duk mai Hilux ko L200 ta gas, wato dizal, mai turbo a garin nan na Kano ya san abin da watan Afrilu yake yi mana. Ka ɗauko kaya daga Dawanau da rana tsaka, zafin gari ya haura 40, ka shigo gosulon Kurna ana tafiya ana tsayawa ga esi a kunne, in ka isa ka ɗaga bonet hucin da zai daki fuskarka sai ka ja da baya, ƙarfen tokare bonet ɗin ma ba ya taɓuwa. Amma allurar zafi a dashbod tana nan tsakiya abinta kamar ba abin da ya faru.

To ita allurar ba ƙarya take ba, zafin ruwan inji kawai take aunawa, shi kuma in komai lafiya yana zama ne tsakanin digiri 85 zuwa 95. Abin da ba ta gaya maka shi ne halin da sauran ɗakin injin yake ciki. Turbo da hayaƙin inji yake juyawa, kuma hayaƙin nan a injin gas in mota ta ɗauki kaya tana hawa yana iya wuce digiri 600, ga turbon yana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Wannan zafin ba inda zai je, bonet ya rufe shi ta sama, ga iskar da ta ratso lagireto da kwandensan esi ita ma da zafinta ta shigo. Masu shan wahalar su ne tiyo da wayoyi da batir. Tiyo ya bushe ya fara tsagewa, robar soket ka taɓa ta ɓare a hannunka, batir ruwansa ya riƙa ƙonewa ya mutu tun kwanansa bai kai ba, sai mu ce ai batiran yanzu ne ba su da kyau.

Shi ya sa na huda bonet ɗin tawa, Hilux Vigo ce mai injin 1KD, na sa mata taga biyu ta fitar da zafi. Tun daga nan duk inda na faka sai an tambaye ni, kuma yawancin masu tambayar abin da suke so su ji shi ne wai zai yi maganin obahitin. Ba zai yi ba. In motarka tana tafasa ruwa to matsalarka tana wani wajen, ko lagireto ya toshe da laka da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji, ko murfinsa ya daina riƙe firesha, ko kulocin fanka ya saki tana juyawa a banza ba ta jan iska, ko an cire robar nan da ta kewaye fankar an yar wai tana takura wa bakanike. Ƙurar hunturu ma kaɗai ta isa ta toshe haƙoran lagireto da kwandensa. A gyara waɗannan tukuna. Kuma don Allah a daina cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wannan al'adar ta garejinmu ban san ranar da za ta mutu ba.

Inda maganar take da gaske shi ne wurin da za a yanka. Kusan kowa hankalinsa yana ba shi can baya kusa da gilashi, tunda zafi sama yake yi kuma turbo ɗin ma wajen nan yake. In mota a tsaye take haka ne. Amma da ta fara gudu labari ya canza, iska tana zuwa ta daki gindin gilashin gaba ta taru a nan da ƙarfi, shi ya sa ma kamfani ya sa mashigar iskar cikin mota a ƙarƙashin waifa. Ka huda a nan, kana gudu iska shiga za ta yi ba fita ba, ta cika ɗakin injin, ita kuma wadda ya kamata ta ratso lagireto ta gaba ta rasa wurin shiga. Ka ga an yi ba a yi ba, ko ma an ƙara ɓata lamarin.

Wannan shi ne matsalar dabarar da ake yi ta saka washa ko noti a hinjin bonet a ɗaga bayansa. Wani abokina ya yi wa tasa, muka yi ta musu, sai na ce mu gwada. Muka yanka zaren ulu guntu-guntu kamar tsawon yatsa muka manna da salatif a bakin ratar, muka hau titin Zariya bayan Na'ibawa. A tsaye fanka na juyawa zaren yana kaɗawa waje, har ya fara min dariya. Muna kaiwa gudun wajen 80 sai ga zaren nan ɗaya bayan ɗaya suna lanƙwashewa suna shigewa ƙarƙashin bonet kamar ana zuƙarsu. Shiru ya yi. Banda haka ma, a gosulo duk warin inji da hucinsa ta nan yake fitowa ya faɗa mashigar esi kai tsaye, kai da iyalinka ku shaƙa.

Wurin da iska take jan abu waje yana gaba ne, bayan lagireto kaɗan, inda iskar ta hau goshin bonet ta lanƙwasa tana gudu. Kowace mota da nata siffar, don haka ni aunawa na yi kafin a sa ƙarfe. Siririn tiyo mai haske na samu irin na ƙarin ruwa, na lanƙwasa tsakiyarsa kamar harafin U na zuba ruwan zoɓo kaɗan don ya ganu, baki ɗaya na manna a saman bonet ɗayan a ƙasansa daidai wurin, lanƙwasar tana cikin mota a hannun yarona. In ruwan ya hau ta ɓangaren tiyon da ke waje, wurin zai fitar da iska. Bambancin ba yawa, faɗin yatsa ne ko ƙasa da haka, amma yana nunawa, kana matsawa baya wajen gilashi kana ganin yana raguwa har ya juye.

Masu Vigo da tsohuwar L200 akwai ƙarin abu ɗaya. Hancin nan da ke kan bonet ba na fitar da zafi ba ne, shigar da iska yake yi wa intakula, mai sanyaya iskar turbo, da ke kwance a kan inji. Kar a huda taga a gabansa, zafin da ya fita zai koma ciki ne ya dafa iskar da ake son sanyayawa. Gefe da gefe ake sawa. Sabuwar Hilux da ta fito daga 2015 mai injin 1GD ko 2GD intakularta a gaba take, shi ya sa ba ta da hancin. Masu ta fetur 2.7 kuwa, wadda ita ta fi yawa a hannun ma'aikatu da kamfanoni, ba turbo a cikinta, ni dai ban ga abin da zai sa su taɓa bonet ba.

Wajen yanka, ban bari an taɓa bonet ɗin asali ba. Na je Ƙofar Ruwa na sayo na hannu aka yi masa fenti, na asalin yana jingine a sito, domin ranar sayarwa dillali yana ganin bonet a yanke zai ce mota ta yi hatsari, ka yi ta rantsuwa a banza. Mai fanal bita yana ganin aikin ya jawo giranda, na ce Oga a'a, jigso za mu sa. Ya ce “Alhaji ai minti biyar ne da wannan.” Na ce na sani, amma giranda tana ƙona fenti a bakin yankan, tartsatsinta kuma in ya sauka a gilashi ya zauna kenan. Aka sauke bonet aka kife shi a kan tsohuwar katifa, aka duba ƙasusuwan ƙarfen da ke ƙarƙashi don kar a yanke su, in aka yanke bonet zai riƙa rawa a kan hanya. Aka manna tef, aka huda kusurwa huɗu da dirila, aka yanka, aka goge bakin aka shafa maganin tsatsa kafin a ɗaura. Tagar ta alminiyam ce. Ta roba mai arha rana ɗaya ta Kano ta ishe ta lanƙwashewa, waɗanda ake mannawa da gam ba rami a ƙasa kuwa kwalliya ce kawai.

Abin da na gani bayan an sa: a kan babbar hanya allura tana inda take, ba wani canji. Bambancin yana gosulo da kuma bayan an kashe mota, za ka ga hucin yana tashi ta tagogin yana rawa a iska, kuma ɗakin injin yana saurin hucewa ba kamar da ba. Duk da haka ina barin inji ya yi silo na minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin in kashe, saboda baƙin mai ne yake sanyaya cikin turbo, taga ba ruwanta da wannan. Farantin kare zafi na kan turbo da manifol, wato bututun hayaƙi, shi ma in bakanike ya cire ka tsaya a kansa sai ya mayar.

Sai damina. Ruwan Agusta ba ya wasa, kuma rami rami ne. Ruwa a kan inji ba komai ba ne, amma ba a kan akwatin fiyus ko altaneta ko bakin eya-kilina ba, don haka tun wajen zane aka kauce musu. Ta ɓangaren batir an yi min ɗan faranti a ƙasan tagar mai gangara, yana tare ruwan ya zubar gefe. Yana rage fitar iska kaɗan, shi ya sa noti huɗu kawai ke riƙe da shi, ina ɗaurawa in ruwa ya sauka sosai wajen watan Yuni, in cire a Oktoba.