Yadda Vimto ya samu gurbi a faifan buɗa-baki

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Saudiyya ya san Vimto. Tun Sha'aban bai ƙare ba manyan kantunan Jidda da Makka ke tara kwalabensa a bakin ƙofa kamar dalar gyada, magidanta na ɗiba katan-katan. Ni zobo da kunun aya nake haɗawa ina sayarwa a Kaduna, don haka da na je Umra cikin azumi ban iya wuce wannan abu ba sai da na tsaya na ƙare masa kallo.

Larabawa da yawa suna ɗaukarsa abin gida, alhali asalinsa daga Ingila ne. Wani mai sayar da magungunan itatuwa, John Noel Nichols, shi ya fara haɗa shi a birnin Manchester a 1908, da ruwan 'ya'yan inabi da na wasu 'ya'yan itatuwa na ƙasarsu da kayan ƙamshi. Da farko ma a matsayin maganin ƙara kuzari ya sayar da shi, a lokacin da masu yaƙi da shan giya ke neman abin da za su miƙa wa mutane a madadinta. A ƙarshen shekarun 1920 iyalan Aujan, 'yan kasuwa ne na yankin Gulf, suka fara shigo da shi, daga baya suka kafa masana'antarsa a birnin Dammam na Saudiyya. A 2011 kamfanin Coca-Cola ya amince ya biya dala miliyan 980 don sayen kusan rabin kamfanin lemon Aujan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Vimton azumi ba a buɗe shi a kafa kai. Mai kauri ne, zaƙi cau, sai an sirka da ruwa. A gidan da aka gayyace mu shan ruwa a Jidda, uwar gidan ce da kanta ta tsaya a kan jug ɗin gilashi ana saura minti kaɗan a kira salla. Ta tsiyaya, ta zuba ƙanƙara, ta juya, ta ɗaga jug ɗin tana duban launinsa, ta ƙara kaɗan. 'Yarta ta ce da ni na gidan kakarsu ya fi wannan kauri. Kowane gida da ma'auninsa. Kamfani ya yi rabin aiki ya bar wa uwa rabi, shi ya sa yaro ke tashi yana ganin lemon mahaifiyarsa ne yake sha.

Tallarsu ma a kan haka take tafiya. Ba sa cika kunnen mutane duk shekara. Suna jira sai wata ya kusa tsayawa su fito da ƙarfinsu a talabijin da allunan titi, kuma abin da suke nunawa bai wuce iyali a zaune, dabino da sambusa a gaba, ana jiran Magariba. Siffar kwalbar da tsohuwar takardar jikinta ba su cika taɓa su ba, kuma a ganina nan suka yi dabara, domin tsohuwa na hango ta daga nesa ta gane abinta.

Akwai inda raina bai kwanta ba. Sukarinsa na da yawa, ga ciki ya wuni babu komai, ga ciwon suga ya yi katutu a ƙasashen nan. Mai talla da ya shiga wata mai alfarma ya kamata ya faɗa wa mutane su sassauta hannu wajen zubawa.

Mu kuwa a nan, zobonmu bai gaza shi launi ko daɗi ba, ga citta ga kanumfari, amma har yau a tsofaffin gorunan ruwa muke ɗura shi, babu suna babu shaida. Mai saye ya sha ya ji daɗi, gobe bai san wajen wa zai koma ba. Bana na yi niyyar dafa nawa da kauri, in rage sukari, in zuba a sababbin goruna da sunan shagona da bayanin yadda ake sirkawa. Na riga na yi magana da mai buga takardu, kuma tun tsakiyar Sha'aban zan fara kai wa masu shagunan unguwarmu.