Kwanso ɗaya tal ya cinye min dayis da ranar buɗe farauta

Har yau in na shiga gareji na hango dayis ɗin nan, wato bututun ƙarfen da ake matse kwanson harsashi a cikinsa, a kan kanta sai raina ya sosu, kuma da gangan na ƙi jefar da shi. Sati uku kenan da faruwar abin amma wallahi kamar jiya.

Ni dai a Texas nake zaune, kusa da Houston, kuma shekara uku kenan ina bin wani dattijo maƙwabcina farautar barewa. Baba nake ce masa, shi ma ya saba har yana amsawa. Shi ya koya min ɗura harsashi da kaina, wato ka sayi kwanso (ɓawon tagullar harsashi) daban, firaima (ɗan abin da ke gindi mai kunna albarushi) daban, albarushi da kan harsashi daban ka haɗa a gida. A nan doka ta yarda da wannan in don amfanin kanka ne. A gida Najeriya kuwa ba haka ba ne sam, dokar makamai ta 1959 tana nan da ranta, don haka masu karantawa daga can wannan labari ne kawai nake ba ku.

Bindigata .308 Winchester ce, tsohon yayi, tun 1952 ake yinta, kuma a da kwanson da na riga na harba nake tarawa in sake ɗurawa. Bana sai na ce bari in fara da sabo fil, guda 100 a leda, duk kamfani ɗaya zubi ɗaya, don harbin ya riƙa faɗawa waje guda. Da na zazzage su a tire sai na ga wajen goma sha biyu bakinsu ya lotsa, wasu ma sun zama kamar ƙwai maimakon da'ira. Wannan ba laifin kowa ba ne, tagulla ce mai taushi a wuya, ana jijjiga su a mota da sito dole su bugi juna. To a nan ne na yanke shawarar da ta jawo min komai, na ce tunda wasu sun lotsa bari in bi da su duka ɗarin ta cikin dayis mai matse kwanso tun daga baki har gindi, kowa ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Daren Laraba ne, Asabar kuma ake buɗe farautar barewa, farkon Nuwamba. Na jera hamsin a tire na fesa musu mai don kar su maƙale a dayis, na bar shi ya sha iska kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, sauran hamsin ɗin suna ɗaya tiren a gefe ban taɓa su ba. Na yi wajen talatin lafiya lau, hannun fires, wato injin da ke tura kwanso cikin dayis, yana sauka sumul yana tashi sumul. Sai aka kira ni cikin gida, lokacin isha ya yi, na yi sallah da yara na ci abinci na dawo. Da na zauna sai hannuna ya tafi tiren dama, na waɗanda ban fesa wa mai ba, maimakon na hagu. Kuma abin da ya cuce ni shi ne sabon kwanso ƙyalli yake, wanda aka shafa wa mai da wanda ba a shafa ba a ido duk ɗaya ne a ƙarƙashin fitilar gareji.

Na ji shi fa. Wannan ne yake ƙona min rai. Tun kwanson bai kai rabi ba na ji hannun ya yi tauri, har da wata ƴar ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa, jikina ya gaya min akwai matsala, amma sai na ce ai sabo ne ƙila ya ɗan fi sauran kauri, na danna da ƙarfi har ƙasa. Da na zo ɗagowa ya ƙi. Na miƙe tsaye na sa hannu biyu na fizga, sai ji na yi ƙas, hannun ya taho fayau ba nauyi. Na duba mariƙin da ke kama gindin kwanso a fires sai ga ɗan leɓen gindin kwanson ya yage ya zauna a ciki, sauran jikin kuwa yana can cikin dayis ya kafe kamar an yi masa walda.

Da a nan na tsaya na kashe fitila na je na kwanta da asarata ba ta wuce kwanso ɗaya ba. Akwai ɗan kayan aiki da ake sayarwa musamman don wannan, RCBS suna yi, wasu kamfanonin ma suna yi, kuma ba tsada. Ka kunce dayis, ka janye sandar tsakiya sama iya yadda za ta tafi, ka kifa shi a bais, wato ƙarfen kan benci da ke damƙe abu, ka huda ramin firaima da diril mai lamba 7, ka yanka zare da taf 1/4-20, ka ɗora ɗan kofin ƙarfe ka ɗaura kusa a hankali, ita za ta jawo kwanson waje. Aikin minti goma. Ni ba ni da shi, dare ya yi shaguna sun rufe, kuma zuciyata tana kan Asabar. Sai na ɗauki guduma na fara dukan sandar tsakiya daga sama wai ta turo shi. Ta lanƙwashe, ɗan tsinken da ke fitar da firaima ya karye. Na koma filaya na dinga murɗa gindin, ba abin da ya motsa sai tagulla da nake gutsurowa. Ƙarshe na ɗauko diril na hannu da wani bakin da ya fi ƙarfin aikin, ba bais ba komai, na riƙe dayis da tsumma na huda, bakin ya karkace ya ci bangon ciki. Wajen ƙarfe ɗaya na dare kwanson ya fito gutsi-gutsi, na haska tocila ciki na ga zane mai zurfi daga tsakiya har kusa da kafaɗa, wato inda kwanso yake tsukewa kafin wuya. Na gwada kwanso ɗaya da mai sosai, ya fito da tsagi a jikinsa kamar an ja masa ƙusa. Shi kenan dayis ya mutu.

Washegari da yamma na kai wa Baba su duka a kwali. Bai yi min faɗa ba, ya dai juya dayis ɗin a hannu ya girgiza kai ya ce me ya hana ni ƙwanƙwasa masa ƙofa, yana da abin cirewar a durowa, kuma ko firiza na saka shi ya kwana da ya taimaka don tagulla ta fi ƙarfe tsukewa in ta ji sanyi. Sannan ya ɗauko geji, ɗan bututun nan da ake jefa kwanso a ga ko ya zauna daidai, ya ɗebo daga cikin sauran da ban taɓa ba ya dinga jefawa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya shige ya zauna daram. Ya sa uku a bindigata ba komai a cikinsu, sakata ta rufe ba gardama. Ashe jikinsu da kafaɗarsu ba su buƙatar matsa ko kaɗan, daga masana'anta an riga an yi su a kan ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi a Amurka, yawanci ma a ƙaramin gefen ma'aunin don su shiga kowace bindiga. Baki ne kawai ya lotsa, kuma baki sanda ake zura masa mai santsi, mandirel, da ɗan mai a cikin wuya, ta buɗe shi ya koma da'ira ya riƙe kan harsashi da matsi iri ɗaya, wajen inci 0.002. Wato aikin da ya kashe min dayis tun farko ba a ma buƙatarsa. Na san akwai masu matse sabon kwanso gaba ɗaya kuma suna da hujjarsu, ban ce sun yi kuskure ba, amma ni ban auna komai ba kafin in yanke, ganin ido kawai na bi, geji yana nan kuma ban tambaya ba.

Sauran aikin a garejinsa muka yi kuma bai ba mu wahala ba. Tsawo sai bayan an gama da wuya ake aunawa, don matsa tana sauya shi. Na .308 iyakarsa inci 2.015, ana yankewa zuwa 2.005, nawa duk suna ƙasa da iyaka amma ba su daidaita da juna ba sai muka ɗan share dogayen. Wanda ya wuce iyaka haɗari ne na gaske, bakinsa yana cusuwa gaba ya danne kan harsashi matsin wuta ya hau. Sai feƙe baki ciki da waje, juyi biyu ko uku kawai, wannan kam ko sabo ne kar ka tsallake, in ba haka ba yana kankare jan ƙarfen da ke jikin kan harsashi lokacin zaunar da shi, za ka ga ɗan zobe siriri kamar gashi a bakin. Ramin wuta na ciki, inda wutar firaima ke bi ta isa albarushi, wasu suna da ɗan tsini da ya rage daga hudawa, Baba ya ce ga mai harbin barewa a yadi 100 ko 150 ba zai ga bambanci ba, amma sau ɗaya ake yi a rayuwar kwanso, sai na yi. Auna nauyin kowanne a ware kuwa na bar wa masu gasa. Launin bakan gizo da ke wuyan wasu kwansuna, irin wanda ake gani a na Lapua na ƙasar Finland, alamar gasawa da wuta ce da aka yi don wuyan ya yi taushi, ba lalacewa ba ce.

Maganar albarushi ba zan taɓa ta a nan ba, wannan littafin kamfani ake buɗewa a fara daga ƙasa, ba a ɗauka a bakin mutum. Kuma dalilin da ya sa na rasa Asabar ɗin kenan. Sabon kwanso cikinsa ba lallai ya zo ɗaya da tsohon da na saba da shi ba, dole in koma ƙasa in hau a hankali a filin gwaji, Juma'a kuma ina aiki har dare. Na so in sayi kwalin harsashin kanti in tafi haka, Baba ya ce bai yarda in nufi dabba da abin da ban gwada a takarda ba, in raunata ta ta gudu ta mutu a daji. Gaskiyarsa ce, mu ma addini bai yarda da azabtar da dabba ba. Suka tafi da ɗansa da asuba, ina jin tashin motarsu daga ɗaki.

Yanzu na daina feshi gaba ɗaya. Kakin Imperial nake amfani da shi, ɗan gwangwani, in dangwala da yatsa in murza kowane kwanso a hannuna kafin ya hau fires, ta haka ba yadda za a yi busasshe ya wuce ni don yatsuna za su faɗa min. Kaɗan ake sawa kuma ban da kafaɗa, in ya yi yawa a nan sai ta lotsa, bayan an gama kuma a goge tas. Tire ɗaya kawai nake ajewa a kan benci, ɗayan yana can kan kanta sai na miƙe kafin in kai gare shi. In aka kira ni cikin gida, da na dawo sai in sake shafa wa wanda zan fara da shi ko da na tabbata na shafa. In hannun fires ya yi tauri a rabin hanya kuma, tsayawa nake in janye a hankali in duba.

Sabon dayis ya iso ranar Talata, tare da abin cire kwanso da na haɗa a oda ɗaya. Na wanke man ajiya da ke cikinsa kafin in ɗaura. Kwansuna 98 suka rage, an harba arba'in a filin gwaji, kuma su ne zan fara matsa wa kafaɗa baya da inci 0.002 a ƙarshen satin nan in Allah ya kai mu, Baba ya ce zai zo ya tsaya a kaina.