Koyil na ƙarin ƙarfi: wace mota ce take buƙatarsa a zafin Jidda?

Duk wanda ya shiga shagunan kayan gyaran mota a Sina'iyyar Jidda, unguwar makanikai, zai tarar da koyil, wato abin da ke ba filogi wuta, ja ko rawaya, an jera su a gaban kanta, kwalayensu ɗauke da alkawarin bolt 45,000 ko fiye, da ƙarin gudu, da rage shan mai. Samarinmu da ke jigilar mutane tsakanin Jidda da Makka sukan tambaye ni ko ya kamata su cire na kamfani su sa waɗannan, musamman idan mota ta fara nauyin tashi. Amsata ba ta yi wa yawancinsu daɗi, domin ina ganin injin da ba a taɓa shi ba, wanda yake yadda ya fito daga kamfani, ba ya samun wani ƙarfi daga irin wannan koyil, kuma kuɗin ya fi amfani a wani wuri.

Aikin koyil shi ne ya karɓi bolt 12 na batir ya mayar da shi dubbai, don wuta ta iya tsallake ratar da ke bakin filogi ta kunna cakuɗen fetur da iska. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe guda: na farko mai kauri ne kuma zagayensa kaɗan, na biyu siriri kamar gashi kuma zagayensa dubbai ne. Idan aka yanke wutar da ke bin na farko farat ɗaya, sai ƙarfin lantarki mai yawa ya tashi a na biyu. Wannan tsari ya tsufa, tun zamanin Charles Kettering da kamfanin Delco a Amurka, wanda motocin Cadillac suka fara amfani da shi wajen 1910. Abin da ya canza shi ne, a da koyil ɗaya ne ke raba wa dukan filogai wuta ta hanyar distiribita, amma daga shekarun 1990 aka koma ɗora wa kowane filogi nasa koyil, kwamfutar mota kuma ita ke yanke lokacin da zai cika da lokacin da zai saki.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne, ba koyil ne ke ƙayyade yawan bolt ɗin da ake amfani da shi ba. Faɗin ratar filogi da matsin da ke cikin silinda su ne ke ƙayyade shi. Da zarar ƙarfin ya kai inda tartsatsi zai tsallake ratar, ya tsallake ke nan, ba ya jiran ya kai adadin da aka rubuta a kwali. Injin Camry ko Sonata mai lafiyayyen filogi yana buƙatar ƙasa ƙwarai da abin da koyil ɗinsa na asali zai iya bayarwa, domin kamfanin ya riga ya bar rara. Ƙara rara a kan rara kamar kawo ashana mai tsawo ne don kunna murhun da ƙaramar ashana ke kunnawa. Girkin ba zai fi saurin nuna ba. Ƙarfin injin yana fitowa ne daga yawan iska da fetur da suka ƙone.

To, me ya sa wasu ke rantsuwa cewa motarsu ta farfaɗo bayan sun sa jan koyil? Ba ƙarya suke yi ba. Ɗan yayata ya zo mini da irin wannan labari a kan Elantra ɗinsa, yana cewa, "Kawu, wallahi motar ta zama sabuwa." Na ce ya kawo tsofaffin mu duba. Ɗaya daga cikin huɗun robar bakinsa ta bushe ta tsage, kuma akwai wani siririn layi baƙi a jikinta inda wuta ke zurarewa ta koma jikin injin maimakon ta isa filogi. Wani kuma yana jiƙe da baƙin mai har ya kumbura, alamar gaskit ɗin murfin injin yana yoyo cikin ramin filogi. Motar ta daɗe tana tafiya da silinda uku da rabi, don haka kowane sabon koyil, ja ne ko baƙi, zai ba shi wannan farin cikin. Gaskit ɗin kuwa bakaniken bai taɓa shi ba, wato sabon ma yana kan hanyar tsohon.

A nan Saudiyya babban abokin gaban koyil zafi ne. Jidda ta taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yuni na 2010, Makka kuma takan haura 45 a bazara, sannan koyil na zamani yana zaune ne a kan kan injin, a rufe, yana shan zafin ƙarfe daga ƙasa. Motar da ke tsaye a cunkoson lokacin Umra, na'urar sanyaya mota tana aiki, iska ba ta ratsa gabanta, tana gasa koyil ɗinta sa'o'i. Abin da ke raba mai kyau da maras kyau a nan shi ne ingancin ƙaron da aka cika cikinsa da shi da kuma rufin siririyar wayar, kuma waɗannan ba a ganinsu da ido, ba a kuma rubuta su a kwali. Shi ya sa na fi yarda da kamfanonin da ke yi wa masu ƙera motoci tun farko, kamar Denso da ke yi wa Toyota, da Hitachi da ake samu a Nissan, da Bosch da NGK da Delphi.

Akwai kuma batun dacewa da kwamfuta. An tsara ta ne ta ba koyil ɗin asali wani ɗan lokaci, 'yan ɓurɓushin daƙiƙa, ya cika. Idan aka kawo wanda naɗinsa ya bambanta, ko dai bai cika ba kafin a sake shi, tartsatsin ya fi na da rauni, ko ya ja wuta fiye da kima ya ɗau zafi. A motocin da abin da ke yanke wutar yake cikin kwamfutar kanta, ɓarnar na iya kaiwa can, kuma farashin kwamfuta ya ninka na koyil sau da yawa.

Ban ce koyil na ƙarin ƙarfi ba shi da gurbi ba. Masu Nissan Patrol da ke ɗora wa injinsu samfurin 4800 turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, don hawan yashi suna buƙatarsa da gaske, domin matsin silinda ya ƙaru har na asali ya kasa tura tartsatsi idan aka danne totur. Irin waɗannan sukan nemi kayan kamfanin MSD ko Accel ko koyil ɗin wata mota mafi ƙarfi, su rage ratar filogi, sannan a sake tsara kwamfutar ta dace. Aiki ne guda da ake yi tare, kuma mai Hilux da ke kai kaya kasuwa ba shi da hurumi a ciki.

Kafin a saya, a fara sa na'urar binciken da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota. Lamba P0300 tana nufin injin yana tsallake wuta ba a silinda ɗaya ba, P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da abin ya shafa, P0351 da masu bin ta kuma suna nuni ga layin koyil ɗin kansa. Gwaji mafi arha shi ne a sauya wa koyil ɗin da ake zargi wuri da maƙwabcinsa. Idan lambar ta bi shi, laifinsa ne, idan ta tsaya, a duba filogi ko abin fesa mai. Filogin da ratarsa ta buɗe saboda tsufa yana tilasta wa koyil aiki fiye da kima, don haka sa sabon koyil a kan tsohon filogi asarar kuɗi ce. A je shago da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke cikin istimara, wato takardar rajistar mota, kada a dogara da "ai duk ɗaya ne". Jabu ya yi yawa, har da kwali mai sunan Denso, kuma farashin da ya yi ƙasa da hankali shi ne alamarsa ta farko. Na tashlih, wato wanda aka ciro daga mushen mota, idan na asali ne kuma robarsa tana da laushi, na fi amincewa da shi a kan sabo maras suna.

Koyil mai rauni yakan ɓoye aibinsa a silo, wato injin na kunne ba a taka totur ba, da kan shimfiɗaɗɗen titi, sai an ɗora wa injin nauyi yake bayyana, don haka bayan gyara a gwada motar a hawa irin na Hada zuwa Ɗa'if da mutane a ciki. Idan fitilar injin ta fara ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, a sassauta totur a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa, kuma yana iya narkar da matatar hayaƙin da ake dubawa ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma.