Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Motar da na saya ban ganta ba

Makon jiya na ce zan shiga maganar komawata aiki Dawakin Tofa, to ku yi haƙuri, ranar Talata na ga wata Corolla ruwan toka a Kabuga, irin tawa sak har da ɗan lotsewar da ke ƙofar baya, tun daga nan abin ya tsaya min a wuya, in ban fitar da shi ba ba zan iya rubuta komai ba.

Sai na fara da Baffa, don in babu shi labarin ba zai tafi ba. Baffa ya yi shekara sama da ashirin yana zuwa Kwatano ɗauko motoci, tun lokacin da ake ce musu 'yan Beljiyam saboda yawancinsu daga tashar Antwerp ake lodo su. Golf, 505, Marsandi, duk ya tuƙo su da hannunsa, ya biyo Parakou ya sauka Malanville, ya haye gadar Kwara ya shiga Gaya, Dosso, Ƙonni, Maradi, sannan ta Ɗan Issa ya faɗo Jibiya. Muna yara in ya dawo wuyan rigarsa ja jawur da ƙura, Inna ta ɗora masa ruwan zafi, mu kuma mu zagaye motar muna leƙe. Kuma duk wanda ya zo da maganar a turo masa mota daga nesa amsarsa ɗaya ce, ba a cinikin biri a sama. Shi bai taɓa miƙa sefa ko ɗaya ba sai ya buɗe marfin baƙin mai ya duba, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya shinshina.

To a watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, aka ce sai ta tashar jirgin ruwa, shi ma Baffa lokacin gwiwa ta riga ta zaunar da shi ga kuma suga. Ni kuma shekara goma sha ɗaya ina kan Jincheng, na ɗauki maman yara da ciki a baya, biyu a kan tanki, damina ta dake mu hunturu ya dake mu. Na ci adashi, na karɓi bashin ƙungiyarmu ta ofis, maman yara ta sayar da sarƙarta da 'yan kunne ba tare da na roƙe ta ba. Wannan sarƙar har yau ban mayar mata ba.

Sai Yaya ya kira daga Houston, ɗan wajen Gwaggo, wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi a soron gidan Malam. Ya ce ƙanena kar ka kai kuɗinka wajen dillalai su yanke ka, a nan akwai gwanjon motocin inshora, zan ɗauko maka mai lafiya a rabin kuɗi. Ya turo hotuna ta WhatsApp, Corolla 2010, fes, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Na kai wa Baffa wayar har ɗakinsa ina murna. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce ina hoton ƙarƙashinta, na ce babu Baffa, ya ce ina na cikin but inda safaya take, na ce babu. Ya miƙo min wayar ya ce ɗan nan, ba a cinikin biri a sama. Na ce Baffa ai Yaya ne. Ya yi shiru.

Wannan shirun na shi na juya shi a raina ya fi sau dubu. Da ya ƙara kalma ɗaya da na fasa, amma ɗan ƙanwarsa ne, me zai ce.

A watan Oktoba na je Wapa, dala lokacin tana wajen naira 360, aka tura dala 5,500 kuɗin mota da na jirgi. Abin da ban sani ba, ko in ce na ji a rediyo amma ban haɗa shi da kaina ba, shi ne a ƙarshen watan Agustan shekarar guguwar Harvey ta sauka a Texas, ruwa ya shanye unguwannin Houston, motoci dubbai sun kwana cikin ruwa har rufi. Kamfanonin inshora suka biya masu su, suka kwashe motocin suka zuba a gwanjo. Mota ta sha ruwa a wanke ta a busar, a hoto ba za ka taɓa ganewa ba, ta ma fi wadda ta yi hatsari kyau tunda babu inda ta fashe.

Ta iso Legas a Janairun 2018 ta Tin Can. Abin da na sha a hannun ejan ɗin da ya fito da ita kashi guda ne shi kaɗai, yau kuɗin fito, gobe kuɗin ajiya don kwanaki sun wuce, jibi ya ce cunkoson tirelolin Apapa ya hana shi shiga, sai da na ƙara wajen naira dubu 900 kafin ta hau bayan tirela ta taho Kano. Ranar da aka sauke ta yara suka cika layi, maƙota na ta Allah ya sanya alheri Allah ya tsare, Inna ta fito da kanta ta dafa ta ta yi addu'a. Wallahi na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye ba, ni ne na farko a 'ya'yan babanmu da ya ajiye mota a ƙofar gida.

Baffa ya fito da sandarsa bayan la'asar. Bai kalli fenti ba. Ya ce a buɗe masa ƙofar baya, ya durƙusa da wannan gwiwar tasa, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya fito da shi ya kalli yatsunsa, tsatsa. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, can ƙasa ga wani layi na dattin ruwa ya bushe a jiki. Ya ɗaga kafet ɗin but, ƙarƙashin safaya ga yashi mai laushi irin na bakin kogi. Ya goge hannunsa da gefen riga ya ce min a hankali yadda ba wanda zai ji, motar nan ta yi wanka. Shi ke nan abin da ya ce, ya koma ciki. Bai maimaita karin maganar ba ranar, ni ne na ji ta a kunnena.

Wata biyu ta yi lafiya. Daga nan gilashin gefe ya daina sauka, sai fitilun dashbod su kama gaba ɗaya kamar ana biki, sai ta mutu a tsakiyar titi ba gargaɗi. Rewaya ya ce soket-soket ɗin duk sun yi kore, ruwa ya ci wayoyin ta ciki, aka canza ƙwaƙwalwar injin da ta gwangwan daga Ƙofar Ruwa, bayan wata uku giya ta fara fizga aka zuƙe manta aka ga ya koma kamar koko. In damina ta sauka kuwa wani wari ne yake tasowa na rima, na sa turaren wuta na sa na tsinke bai tafi ba, ƙaramar 'yata in ta shiga sai tari. Akwai ranar da za mu kai amarya Katsina, 'yar Yaya Babba, motata ce ta uku a jere, ta tsaya cak bayan mun wuce Bichi da mata biyar a ciki da rana tsaka, sai rarraba su aka yi a sauran motocin ni na zauna bakin titi ina jiran janwe.

Duk wannan da kuɗi ne, kuma kuɗi ana samu ana rasawa. Abin da ya ƙona ni daban ne. Wani yaro a ofishinmu ya karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke gindin gilashin gaba, ya biya 'yan daloli a intanet ya ciro tarihin motar. Ga shi nan a rubuce, takardar Texas, an yi mata tambarin motar da ambaliya ta lalata, kuma a shafin gwanjon ma haka aka rubuta ɓaro-ɓaro kafin a buga mata kuɗi. Ga kuɗin da aka saye ta, bai kai rabin abin da na tura ba ko an haɗa da na jirgi. Wato ya gani. Ya karanta da idonsa, shi da Turanci ya zama abincinsa, sannan ya ɗauki hoton kujeru ya turo min.

Na buga takardar na kai wa Baffa, na ce zan je gaban Gwaggo da ita. Ya riƙe hannuna ya ce kul, uwarsa ba ta da lafiya, kuma ni na gaya maka tun farko, wanda ya sayi biri a sama ba ya kai ƙarar bishiya. Na ce Baffa ba bishiya ba ce, ɗan'uwana ne. Ya ce shi ya sa. Ban je ba. Na bi maganarsa a karo na biyu tunda na ƙi bi a na farko, amma har yau ban tabbata wanne ne ya fi min ciwo ba a cikin biyun.

Yaya ya zo gida da babbar sallar 2019, dab da a rufe boda, ya kawo wa kowa tsaraba ni ya ba ni agogo, ya ga motar a jingine kan duwatsu a ƙofar gida ya ce ai ku makanikanku na nan ne ba su iya motar Amurka ba. A gaban Baffa ya faɗa. Na kalli Baffa, Baffa ya kalli carbinsa. Agogon yana cikin durowa a kwalinsa.

Na sayar da ita bayan rasuwar Baffa, wa wani mai kayan gyara, kuma sai da na ɗaga masa kafet ɗin da hannuna na nuna masa yashin kafin mu yi ciniki, ya rage kuɗin sosai na ce na yarda. Takardar tarihin kuwa tana nan cikin jakar da nake ajiye takardun filin Inna, Gwaggo ta rasu ba ta ganta ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma Dawakin Tofa, inda na sake hawa Jincheng ɗin nan shekara biyu cur.