Kwana goma sha tara ba adireshi a Göttingen

Da na sauka daga jirgin ƙasa a Göttingen, abin da ya fara cika mini ido kekuna ne. Ɗaruruwa a jere a gaban tasha, wasu har sun yi tsatsa, kamar masu su sun gama karatu sun tafi sun manta da su. Ƙarshen watan Satumba ne, kimanin awa biyu da barina Frankfurt, akwati biyu a hannu, takardar shiga jami'a a aljihu. Komai na tanada in ban da wurin zama. Abin da na mallaka a duk ƙasar Jamus shi ne gado na kwana biyar a wani masaukin matasa, mu shida a ɗaki ɗaya.

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Ofishin da ke raba ɗakunan kwanan ɗalibai yana karɓar buƙata tun mutum bai iso ba, ni kuwa na tsaya jiran biza, wai kada in yi riga malam masallaci. Sai da ta fito a watan Agusta na cika fom. Washegarin isowata na je, wata mata ta duba kwamfuta, ta ce sunana yana layi, amma kada in sa rai a wannan zangon.

Garin ba wani babba ba ne. Mutanensa wajen dubu 120 ne, ɗaliban jami'ar kuma sun doshi dubu 30. Tun 1737 aka buɗe ta, ba ta da katanga, gine-ginenta a warwatse suke cikin gari. Zangon hunturu a Oktoba yake farawa, saboda haka duk sababbin ɗalibai, 'yan ƙasa da baƙi, a makonni uku ɗin nan suke dirarwa garin, kowa da akwati, kowa yana neman ƙofar da zai rufe.

Yawancin ɗalibai gidan haɗaka suke zama, abin da suke kira WG: mutum uku ko huɗu, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa. Abin da ban sani ba shi ne, a irin wannan gida mazauna ne ke zaɓar wanda zai shigo. Na tura saƙo ya fi arba'in a intanet, uku suka amsa. Gida na farko na je da kwat da takarduna a jaka kamar mai neman aiki. Na tarar da samari biyu da budurwa ɗaya a teburin kicin, wani mai nema yana fita, wata tana jira a matakala. Ba wanda ya tambayi takardata ko ɗaya. Ƙarfe nawa kake kwanciya? In ka ci abinci, nan take kake wanke kwano ko sai an jima? A jikin firji an manna jadawalin shara da sunayensu. Minti ashirin aka ba ni. Suka ce za su rubuto mini, har yau ina jira.

A kwana na takwas, bayan na sake biyan kuɗin masauki, na ga tallar wani ɗaki a tsakiyar gari, kusa da tsohon zauren majalisar gari. Hotuna tsaf, haya da sauƙi. Mai ɗakin ya amsa cikin minti goma, abin da ya kamata ya sa in yi tsam. Ya ce aiki ya kai shi wata ƙasa, in tura kuɗin ajiya da hayar wata guda, shi kuma zai aiko da mukulli ta gidan waya. Wallahi saura ƙiris in tura. Allah ya haɗa ni da wani ɗan'uwa mai karatun digirin digirgir a fannin noma, wanda na ji yana waya da Hausa a ɗakin cin abincin ɗalibai. Ya karanta saƙon sau ɗaya ya miƙo mini wayata.

"Malam, ka ga ƙofar ɗakin da idonka?"

Na ce a'a.

"To cinikin biri a sama kake yi. Tashi mu je."

Muka taka zuwa layin. Lambar gidan tana nan, amma a Jamus kowane mazauni sunansa na rubuce a jikin ƙararrawar ƙofa. Muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, babu nasa. A dandalin da ke kusa ana ta shewa: wata da ta kammala digirin digirgir ta hau ta sumbaci mutum-mutumin yarinya mai agwagi da ke kan maɓuɓɓugar ruwa, kamar yadda aka saba a garin. Ni dai gumi nake yi cikin sanyi.

Shi ya zaunar da ni ya koya mini karatun talla. Akwai haya "mai sanyi", wato kuɗin ɗaki zalla, akwai "mai ɗumi", wadda ta haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara. Wutar lantarki sau da yawa daban take. Kuɗin ajiya kuma doka ba ta yarda ya wuce hayar wata uku mai sanyi ba, kuma ɗan haya na da damar biyansa kashi uku. Sannan ya ce tambayar da zan riƙa farawa da ita ita ce: za a iya yin rajista da wannan adireshin?

Nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya tare a gida, dole ya yi rajista a ofishin gari cikin mako biyu, kuma tun 2015 ba a yi sai da takardar shaida daga mai ba da hayar. Bankin da na je ya ce sai na kawo takardar rajista zai buɗe mini asusu. Yuro 11,904 da na ajiye a asusun kulle kafin a ba ni biza, waɗanda ake sakin 992 duk wata, suna can ina kallonsu a waya, babu inda za a zubo su. Izinin zama ma sai da adireshi. Shi ya sa da wani ɗalibi mai tafiya wata shida ya yi mini tayin ɗakinsa da araha, amma ya ce ban da rajista don mai gidan bai sani ba, na haɗiye miyau na ce na gode. Wani gidan da na duba kuma ba komai ciki, ko kicin babu, wayoyin fitila na reto daga silin.

Wanda na samu a ƙarshe ba a intanet yake ba. Wata 'yar takarda ce a allon sanarwa na ɗakin karatu, da rubutun hannu, an tsattsaga ƙasanta da lambar waya. Wata dattijuwa ce a unguwar Geismar, kudancin gari, tana da ɗaki a can saman gidanta, da ƙofarsa daban da ɗan murhu. Rufin a karkace yake, ina shiga na buga kai, ba ta yi dariya ba. Dokokinta ta jero: a buɗe taga kullum ko ana zuba ƙanƙara, don kada bango ya yi fumfuna, ban da injin wanki ranar Lahadi, takarda da roba da ragowar abinci kowa da kwandonsa. Muka zagaya ɗakin tana rubuta duk wani tabo da ke bango da ƙasa, muka sa hannu mu biyu, don kada a yi gardama ranar mayar da kuɗin ajiya.

"Za ku ba ni takardar shaidar da zan yi rajista da ita?" na tambaya, murya na rawa.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo aljihun tebur. Ta riga ta buga fom ɗin, sunana kawai ya rage.

Ranar da na cika kwana goma sha tara a garin na yi rajista. Da yamma na rubuta sunana a takarda na manna a akwatin wasiƙa da salatif. Na yi ta leƙawa safe da yamma. Wasiƙar farko da ta faɗo ciki daga masu karɓar kuɗin rediyo da talabijin ce, Yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko da akwatin kallo ko babu.