Na kashe samfur ɗina da kallo

Sati biyu na yi ina bin layi kafin a ba ni awa biyu a kan konfokal ɗin sashenmu, wato maikroskop mai aiki da hasken leza, guda ɗaya ne tal kowa na rububinsa. Ɗakin duhu ƙirin, ga sanyin esi kamar an sa ka a firij.

Jini na kai, wanda muka raini ƙwayar maleriya a ciki, Plasmodium falciparum. A lab ɗin gida da Giemsa ake rina silaid, a ɗiga mai a leƙa, ka ga ɗan zobe a cikin jar ƙwayar jini shikenan. Nan kuwa DAPI na sa, rini ne mai manne wa DNA, lezar 405 (lambar tsawon zangon haskenta ce) na dukansa sai ya kama shuɗi. Daɗin abin jar ƙwayar jinin mutum ba ta da nukiliyos, wato cibiyar da DNA ke zama, to duk shuɗin da ka gani na baƙon ne. Ga kuma wani furotin da aka liƙa wa GFP, alama mai ƙyalli, shi kore yake yi da lezar 488.

Sirrin injin wata 'yar huda ce a gaban na'urar da ke karɓar haske, tana tare duk wanda ya taso daga sama ko ƙasa, na daidai inda ka saita kawai ke wucewa. Sai ka riƙa yanka ƙwaya kamar albasa ba tare da wuƙa ba, kwamfuta ta jera yankan. Wani masani Ba'amurke, Marvin Minsky, ya nemi rajistar dabarar tun 1957, lokacin ko leza ba a ƙera ba.

To sai na faɗa kan wata ƙwaya ta cika fam dab da fashewa, na ƙirga ɗigon shuɗi goma sha shida, koren ya zagaye su, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Maimakon in ɗauki hoto nan take sai na tsaya ƙara ƙarfin leza wai ya fi fitowa, har da fita kiran abokina ya zo ya gani, leza na kunne. Muna dawowa hasken leza ya cinye koren ya dushe, saura ɗan dishi-dishi.

Mai kula da injin ko tsaki ba ta yi ba, leƙo sikirin kawai ta yi ta nuna mini maɓallin kashewa da biro. Silaid biyu suka rage mini a firij, na nannaɗe su kar haske ya taɓa, layin kuma sai Talatar sama ƙarfe bakwai na safe.