Abin da na koya a ɗakin malamai a Kaduna

Na yi shekara 12 ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kaduna, kuma a nan na gane dalilin da ya sa hirar Musulmi da Kirista take yawan tsayawa a gaisuwa.

An sha tura mu taron zaman lafiya. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe, kowa ya ce "ai duk ɗaya muke", a watse. Ban raina masu shiryawa ba, amma wannan magana tana toshe baki. Kowa ya san ba mu yi ittifaƙi a kan Annabi Isa ba. Mutumin da ya ga ana lulluɓe abin da ke fili, ta yaya zai saki jiki ya faɗi ciwon da ke ransa?

Ciwon kuwa yana nan. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya koma iyaka, Kiristoci suka yi ta ƙaura zuwa su Sabon Tasha, Musulmi su Rigasa da Tudun Wada. Da yawa cikin ɗalibaina ba su taɓa cin naman layya ko shinkafar Kirsimeti daga gidan maƙwabci ba, shi ya sa duk abin da aka faɗa musu kan ɗaya ɓangaren sai ya zauna.

Ni kaina ban tsira ba. Wata rana muna makin jarrabawa, kalmar "arna" ta suɓuce mini. Abokiyar aikina ta ajiye biro ta ce, "Malam, ka san yadda kalmar nan take sauka a kunnena?" Daga nan ta ba ni labarin yadda aka ƙone gidansu a 2000, ni kuma na faɗa mata yadda kawuna ya fita a wannan makon bai dawo ba. Babu wanda ya ce "naku ne suka fara". Mun daɗe shiru.

Sai a ranar na fahimci Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, malaman addini biyu na Kaduna da suka taɓa zama abokan gaba. A tashin hankalin 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa, amma a 1995 suka soma aikin sasanci tare, kowa riƙe da addininsa da tabonsa.

Da zango ya kewayo, ni da abokiyar aikina muka haɗa azuzuwanmu, muka ce kowane ɗalibi ya tambayi wani babba a gida inda suke zaune kafin 2000, da sunan maƙwabcin da suka bari.